Babi na Bakwai: Hantar Rago da Nonon Uwa

Duk wanda ya taɓa yin Babbar Salla a Madawa ko Buza ya san ƙamshin wannan hantsi. An sauko daga idi, liman ya yanka ragonsa, kowa ya koma ƙofar gidansa ya yanka. Kafin azahar an feɗe raguna, an baje kowanne a kan sanduna biyu da aka gicciya, an kafa su kewaye da wutar itace, samari suna gyara garwashi suna shafa gishiri da yaji. Wannan naman sai gobe za a sauke shi a yi rabon zumunta. Na yau kayan ciki ne, kuma a cikin kayan ciki hanta ce ke fara hawa wuta.

Na daɗe ina lura da hanyar da hantar nan take bi. Maigida, wanda tun asuba bai sa komai a bakinsa ba, da ita yake buɗe baki. A yanka wa dattijon maƙwabci, a ba baƙon da ya shigo barka da salla, yara maza da ke zagaye da wuta su wawushe sauran. Matan gida suna can ciki sun duƙufa wajen wanke tumbi da hanji, a cikinsu akwai mai ciki wata bakwai, akwai mai goyon ɗan wata huɗu. Kafin su ɗago kai hanta ta ƙare. Babu wanda ya yi nufin tauye su, haka aka taras ana yi. Amma da za a tambayi likitan jini wa ya fi kowa buƙatar wannan tsoka a gidan, waɗannan mata biyu zai nuna, sannan ya nuna jaririn da ke barci a bayan ɗayarsu.

Abin da ke cikin hantar sunansa bitamin B12. Masana suna ce masa kobalamin, saboda a tsakiyar ƙirarsa akwai ƙwayar wani ƙarfe mai suna kobal, kuma duk cikin bitamin shi kaɗai ne mai ƙarfe a jikinsa. In aka tace shi tsantsa, ja ne wur. Abin da baligi yake buƙata a yini bai wuce maikirogiram 2.4 ba, mai ciki 2.6, mai shayarwa 2.8. Maikirogiram kuwa shi ne a raba giram ɗaya gida miliyan a ɗauki kashi guda. Kobalamin mai nauyin ƙwayar hatsi ɗaya tak zai ishi mutum sama da shekara biyar.

Ɗan wannan abu manyan ayyuka biyu ya riƙe. Na farko a cikin ɓargo, inda ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini dare da rana. Kowace ƙwaya sai ta rabu biyu, biyun su rabu huɗu, kuma rabuwar ba ta tafiya daidai sai da kobalamin. In ya yi ƙaranci, sai ƙwayoyin su fito manya-manya amma ƴan kaɗan, marasa ƙarko, da yawansu su mutu tun ba su bar ɓargon ba. Mutum ya ɗashe, ya riƙa haki in ya ɗan yi tafiya, zuciya na bugawa, jiri na ɗibarsa. Aiki na biyu ya fi wannan haɗari. Jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da laka da gaɓoɓi suna da riga, kamar robar da ke lulluɓe wayar lantarki. Kobalamin na cikin masu gina wannan riga da yi mata faci. In ya yanke, rigar ta soma zaizayewa, saƙo ya riƙa ɓata a hanya. Jini yana dawowa in an samu magani. Jijiya kuwa, in ta daɗe a lalace, ba kullum take komawa yadda take ba.

Babu tsiron da ke yin kobalamin, babu kuma dabbar da ke yin sa da kanta. Aikin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Saniya da tunkiya da akuya da raƙumi suna ɗauke da su a tumbi. Dabba ta ci ciyawa mai ɗan kobal daga ƙasa, halittun nan su mayar da shi bitamin, ya bi jini ya taru a hanta da ƙoda da tsoka, ya sauka a nono. Makiyayan Ostireliya sun ga abin da idonsu: a wasu yankunan bakin teku tumaki suna ramewa suna mutuwa alhali ciyawa ta kai musu gwiwa, sai a shekarun 1930 aka gano ƙasar wurin ce ba ta da kobal. Mu ma akwai irin waɗannan halittu a babban hanjinmu, sai dai wurin ya wuce ƙofar da jiki ke tsotsar bitamin ɗin, don haka ba mu cin moriyarsu. Dole ta baki zai shigo, daga nama, kifi, ƙwai, nono ko cuku.

To, a duba kwanon ƙauyen Adar. Hatsi, dawa, wake, miyar kuka, kuɓewa, yakuwa, tafasa, kwaɗon zogale, albasar fadamar Tarka. Abinci ne na kirki, shi ya raya kakanninmu, amma duk cikinsa babu kobalamin. Har zogalen da ake ta yabo a rediyo, wanda kuma ya cancanci yabon ta wasu fuskoki, ta wannan fuska ba shi da abin bayarwa. Abin da ya daɗe yana rufa wa mutanenmu asiri shi ne nonon da ake dama fura da shi. Lokacin da kowane gida ke da saniyar tatsa, ko Bafillatana ke shigowa da ƙwarya kowace safiya ana musayar nono da hatsi, mutum yakan samu rabonsa ba tare da ya san sunan abin ba. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun karya garken talakawa da yawa. Yau a gidaje da dama, in damina ta yi tsaka rumbu ya yi ƙasa, fura kan koma farau-farau, a ɗiga mata nono don launi kawai, a wasu shekarun ma har a koma ga jiga da anza.

An yi manyan ayyuka a wannan yanki don cika rumbu. A kwarin Majiya na ƙasar Buza, tun 1975 ƙungiyar CARE da manoma suka soma dasa layukan dogon yaro don tare iska. A Keita, daga 1984, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, mata suka yi ta dakon duwatsu a ka suna gina shingayen tare ruwa, har fako ya koma gona. Ban san wanda zai raina wannan aiki ba. Sai dai cikar ciki da hatsi daban, samun abin da jini da jijiya ke nema daban. Dabba a gidan talaka asusu ce: ba a yanka ta sai suna ko salla, ana kai ta kasuwa ranar da ciwo ko biki ya taso. Ƙwai a bar wa kaza ta ƙyanƙyashe ko a sayar a sayi gishiri. Kilishin Madawa, wanda sunansa ya kai ko'ina, matafiyan babbar hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi da mutanen Yamai suka fi cin sa. Maigidan da ya tafi bida Abijan ko Legas, ko wanda ya je cin kasuwa, yakan tsaya gun mai tsire. Matar da aka bari a gida da ciki da yara ba ta da wannan hanya.

Labarin yadda aka gano wannan bitamin ma da hanta ya soma. A tsakiyar ƙarni na 19 wani likitan Landan, Thomas Addison, ya bayyana wani ƙarancin jini da ke cin mutum sannu a hankali har ya kai shi kabari, ba a san dalili ba, ba a san magani ba. A 1872 Anton Biermer ya raɗa masa sunan da ke nufin ƙarancin jini mai halakarwa. Haka aka zauna har George Whipple a Amurka ya lura cewa karnukan da aka zubar wa jini sun fi saurin murmurewa in an ba su hanta. A 1926 George Minot da William Murphy a Boston suka gwada wa mutum 45 masu wannan ciwo, suna ba su hanta mai yawa kullum, har kusan rubu'in kilo, ɗanya ko wadda aka ɗan nuna wa wuta. Mutanen da aka riga aka fid da rai da su suka miƙe. Su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 1934. A 1948 aka tace jan sinadarin kansa, a kamfanin Merck na Amurka da kamfanin Glaxo na Ingila kusan lokaci guda. Wadda ta zana ƙirarsa a tsakiyar shekarun 1950 mace ce, Dorothy Hodgkin, haifaffiyar Alƙahira, kuma tana Gana, inda mijinta Thomas Hodgkin ke aikin tarihin Afirka, labarin tata kyautar Nobel ta 1964 ya iske ta.

Amma wanda ya warware ƙullin da ya fi shafar mu William Castle ne. Ya tambayi kansa: me ya sa waɗannan majinyata, masu cin nama kamar kowa, suke rasa abin da ke cikin nama? Wajajen 1929 ya yi wani gwaji da sai mai ƙarfin zuciya. Yakan ci niƙaƙƙen naman shanu, bayan kamar awa guda ya dawo da shi daga cikinsa, a ba majinyaci ta bututu. Nama shi kaɗai bai yi musu komai ba. Naman da ya gauraya da ruwan cikin lafiyayyen mutum kuwa ya tayar da jininsu. Ashe tumbin ɗan Adam yana fitar da wani sinadari, ɗan rakiya, wanda ke kama hannun kobalamin ya kai shi can ƙarshen ƙaramin hanji, inda ƙofar shigarsa take. In babu ɗan rakiya, bitamin ya wuce ya fita.

Wannan ƙofa ƙarama ce. A ci ɗaya ba ta wuce da abin da ya fi maikirogiram 1.5 zuwa 2, sai ta huta wasu sa'o'i kafin ta sake karɓa. Abin da ya ƙaru a kan haka, kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai ke silalewa ya shiga jini. Shi ya sa kwana uku na cin naman layya har a ƙoshi ba za su biya bashin wata goma sha ɗaya ba. Kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi tuli a rana guda. Sa'ar da muka yi, hantarmu rumbu ce: baligin da ya samu wadata yana ajiye miligiram 2 zuwa 5, abin da kan kai shi shekara uku zuwa biyar. Wannan rumbu ne kuma ke sa ciwon ya zo a ɓoye, don ranar da alamu suka bayyana an yi shekaru ana ci daga ajiya.

Na ga wannan a gidanmu. Wata goggona, mace mai kazar-kazar wadda ke saƙar tabarmar kaba har ta tsufa, ta soma cewa tafin ƙafarta na yi mata kamar tururuwa na yawo. Aka ce sanyi ne, aka jiƙa saiwoyi. Daga nan harshenta ya yi sumul ya yi ja, yaji ya gagare ta. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne alwalar asuba: da rana tana tafiya lafiya, amma a duhu sai ta riƙa tangaɗi tana laluben bango. Na ce, “Goggo, ko idon ne?” Ta ce, “Ɗan nan, ido ƙalau. Ƙafafun ne ba nawa ba, kamar a kan auduga nake takawa.” Daga baya na fahimci abin: jijiyar da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙafa take ta lalace, sai ido ke yi mata jagora, in haske ya ɗauke jagora ya tafi. Ta sha ruwan ƙarin jini kwalba-kwalba ba a ga canji ba. Sai da aka kai ta babban asibiti a birni aka auna jinin da kyau, aka soma yi mata wata jar allura. Cikin mako biyu ta soma neman abinci da kanta, cikin wata biyu ƙarfinta ya dawo. Tafin ƙafar kuwa bai gama farfaɗowa ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Irin nata ba rashin nama ba ne kaɗai. Tsufa na rage tsamin ciki da ke ɓanɓare bitamin daga jikin nama, wani lokaci kuma garkuwar jiki ce ke juyawa ta kashe ƙwayoyin da ke yin ɗan rakiyar nan. Mai irin wannan yakan zauna a kan allura ko ƙwaya mai ƙarfi har ƙarshen rayuwa. Masu ciwon suga da suka daɗe a kan metformin, da masu shan omeprazole wata da watanni don gyambon ciki, su ma suna cikin haɗari, kuma waɗannan magunguna biyu yanzu sun cika garuruwanmu. Dattijon da ya soma mantuwa, ko ya shiga baƙin ciki ba dalili, ko hannu da ƙafa suka riƙa sage masa, bai kamata a tsaya ga cewa tsufa ne ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi dai jariri ne, domin shi ba shi da rumbun shekaru. Guzurinsa na farko abin da ya ratsa mabiyiya ne daga jinin uwa. Na biyu nonon uwa, kuma kobalamin da ke cikin nono yana bin abin da uwar ke ci da abin da ta tara. In ta shiga ciki da rumbu rabi, ta haihu, ta shayar kusan shekara biyu, ta sake ɗaukar wani cikin, kowane ɗa yana iske ajiyar ta fi ta wansa ƙaranci. Jaririn da aka haifa da ɗan guzuri yakan yi kyau a watannin farko. Tsakanin wata huɗu zuwa goma sai a ga ya canja. Ya daina murmushi, ya daina gwaranci, jikinsa ya saki, wuyan da ya riga ya tsaya ya koma langaɓewa, wanda ya fara zama ya daina. A ba shi kunu ya kau da kai. Gaɓoɓin yatsunsa su yi baƙi fiye da sauran fata, gashi ya yi laushi ya yi ja-ja, wani har hannu da leɓe su riƙa karkarwa. Likitocin Indiya, inda mata da yawa ba sa cin nama, sun daɗe da sanin wannan karkarwa ta jarirai. A wajenmu irin wannan yaro sai a ce iska ce ta taɓa shi, ko maita, ko haƙori, ko nonon uwar ne ya ɓaci. Na ƙarshen nan ya fi kowanne ɓarna, don yakan sa a cire yaro daga nono, alhali nonon shi ne garkuwarsa daga zawo da sauran cututtuka. Ba nonon za a raba shi da shi ba, uwar za a ciyar.

Ko an kai shi gidan likita, abin na iya ɓuya. Tun 2006 ƙasar Nijar ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani. Tun yunwar 2005, shekarar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasar, har da cibiya a Keita, aka kafa tsarin awon tamowa da ya ratsa ƙauyuka, kuma ƙungiyar ta yi shekaru tana aiki a Madawa da Buza. Malamin asibitin ƙauye yana da zaren awon damtse, ja in bai kai milimita 115 ba. Yana da abin gwajin zazzaɓin sauro. Yana iya jan fatar ido ya ga ko jini ya yi ƙasa. Awon kobalamin kuwa sai babban ɗakin gwaji. Ga shi kuma ƙarancin jini a nan masu laifinsa da yawa: zazzaɓin damina, rashin sinadarin ƙarfe, tsutsar ciki, amosanin jini. Duk suna nan da gaske, su ake fara tuhuma, kuma daidai ne a fara da su. Amma rashin ƙarfe yana ƙanƙantar da ƙwayar jini, rashin kobalamin yana kumbura ta, in suka haɗu a jiki ɗaya sai kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Sannan yaron da ke fama da rashin kobalamin ba lalle ne ya rame ba, zaren damtse na iya nuna kore.

Akwai wani abu da ya kamata duk mai zuwa awon ciki ta sani. Jar ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa tana ɗauke da ƙarfe miligiram 60 da folik asid maikirogiram 400. Magani ne mai amfani ƙwarai, kada wadda ta yar da shi. Sai dai babu kobalamin a ciki. Folik asid kuma yana iya gyara jini ya bar jijiya tana ci gaba da lalacewa, sai a zaci an warke. Akwai wata ƙwayar mai haɗin sinadarai 15, cikinsu har da kobalamin maikirogiram 2.6. An gwada ta a nan gida, a ƙasar Mayahi, sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna jariran matan da suka sha ta sun fi nauyi a wajen haihuwa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin muhimman magunguna. A ganina ita ce ta dace da macen da furarta ba ta da nono.

Maƙwabtanmu sun ba mu ma'auni. A jihar Damagaram, masana daga Jami'ar Kalifoniya da ke Davis tare da ƙungiyar Helen Keller sun auna jinin mata masu ciki a ƙauyuka, suka buga sakamakon a 2017: kimanin mace ɗaya cikin uku kobalamin ɗinta ya yi ƙasa. A arewacin Burkina Faso, binciken da Henrik Friis na Jami'ar Kofanhegan da abokan aikinsa suka buga a 2022, a kan yara sama da 1,000 masu matsakaiciyar tamowa, ya iske biyu cikin uku ko dai sun rasa ko suna bakin rashi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne bayan wata uku ana ba su abincin gina jiki mai ɗauke da bitamin ɗin, da yawa ba su kai inda ake so ba. Ramin da aka fara tun a ciki ba ya cikuwa da ƴan ledojin abincin gina jiki. Cimar waɗannan wurare hatsi ce da dawa da ganye, irin ta Tamaske da Ibohaman da Bangi.

Kakanninmu ba su san sunan kobalamin ba, amma sun san mai jego nama take so. Ƙaurin da ake dafa mata, da kayan cikin ragon suna, da romon da ake ta ɗura mata a kwanakin wanka, duk suna zuba mata abin da nononta ke buƙata. Gyara biyu al'adar ke nema. Ta soma tun ciki yana ƙarami, don tun a makonnin farko ake gina laka da ƙwaƙwalwar ɗa, kuma ƙarancin kobalamin na cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin haihuwar jariri da buɗaɗɗen gadon baya. Sannan kada ta tsaya ranar arba'in, tunda shayarwa ba ranar take tsayawa ba.

Kuma ba sai an yanka rago ba. Giram 100 na hantar saniya ko ta tunkiya na ɗauke da fiye da maikirogiram 50. Yanki kamar yatsu biyu daga mahauci ranar kasuwa, sau ɗaya a mako, babban abu ne. Mai sabon ciki kada ta wuce haka, don hanta na da bitamin A mai yawan gaske, wanda yawansa ke iya cutar da ɗan tayi a watannin farko. Kofi ɗaya na nonon saniya ya kusa rabin buƙatar yini. Ƙwai ɗaya kamar rabin maikirogiram ne, kuma Allah cikin ikonsa a damina zabi ke zuba ƙwai, daidai lokacin da rumbu ke ƙasa. Kifin tafkin Tabalak, ɗanye ko busasshe, da kifin gwangwani, da cukun da ke gangarowa daga wajen Abalak, duk suna bayarwa. Nonon akuya, wanda ya fi sauƙin samu a gidan talaka, yana da amfaninsa, amma kobalamin da folik ɗinsa sun gaza na saniya nesa ba kusa ba, don haka kada a dogara da shi shi kaɗai. Maganar cewa yaron da ya ci ƙwai zai yi sata, ko mai cikin da ta ci za ta haifi ɓarawo, ba ta da tushe a addini ko a likitanci, kuma tana hana yara abincin da ke kwance a akurkin gidansu. Daga wata shida, in an soma ba yaro kunu, a murtsuke masa dafaffen ƙwai ko ƴar hanta a ciki.

A yi hattara da masu tallar magani a faranti. Ba kowace ƙwayar da aka rubuta wa bitamin B ke ɗauke da B12 ba, allurar kan titi kuwa ta sha jawo ƙurji da shanyewar ƙafa. Wanda alamu suka bayyana gare shi gidan likita zai nufa. Uwar da ta ga ɗanta ya koma baya, ya daina abin da ya riga ya iya, ta faɗa wa malamin asibiti da bakinta: “Malam, da yana zama, yanzu ya daina. Ni kuma na yi watanni ban ga nama ko nono ba.” Wannan magana ta biyu ita ce ke iya juya tunanin mai duba yaron, kuma in an tabbatar, uwa da ɗa ake yi wa magani tare. Likitocin da suka yi jinyar irin waɗannan jarirai suna ba da labari iri ɗaya: bayan allurar farko, cikin ƴan kwanaki yaron da ya yi watanni yana kallon sama ya soma bin fuskar uwarsa da ido, ya karɓi abinci, murmushi ya dawo. Waɗanda aka kawo da wuri sukan kamo tsaransu. Waɗanda suka yi watanni da yawa a haka, wasunsu sukan taso da nauyin magana da wahalar karatu.